Shin ya dace gwamnati ta ci gaba da biyan hutun sabatikal na malaman jami'a a wannan matsi?

Dan_Kwangila:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga malamanmu na jami'a da ke cikin wannan zaure, kuma ina roƙon a amsa mini da hujja, ba da fushi ba. An sanar da ni cewa malamin jami'a idan ya yi shekara 6 yana aiki ba yankewa, yana da damar tafiya hutun shekara guda da ake kira sabatikal, albashinsa na shiga duk wata ba ragi, kuma idan ya je wata jami'ar ya koyar a cikin wannan shekarar, ita ma sai ta biya shi nata albashin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san halin da ake ciki. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, jami'o'i da yawa sun ƙara kuɗin rajista, har ta kai 'ya'yanmu suna neman bashin NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rancen karatu, kafin su iya zama a aji. A irin wannan lokaci, ya dace baitulmali ya riƙa biyan mutum ɗaya albashi biyu? A ganina a dakatar da tsarin har ƙasa ta farfaɗo.

Malam_Samaru:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka tana kan hanya, kuma abin da aka gaya maka game da albashi biyu gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata a ƙara. Na farko, ba kowane malami ne yake da wannan dama ba; a mafi yawan jami'o'inmu sai wanda ya kai matsayin babban lakcara zuwa sama, kuma sai sashensa ya amince cewa tafiyarsa ba za ta tsayar da karatu ba, sannan takardar ta bi ta hannun shugaban tsangaya har zuwa hukumar jami'a. Na biyu, ba zaman gida ake tafiya yi ba. An kafa tsarin ne domin wanda ya shafe shekaru yana shiga aji, yana duba takardun jarrabawa na ɗaruruwan ɗalibai, yana zaman kwamiti, ya samu shekara guda da zai kammala binciken da ya daɗe yana ja, ko ya rubuta littafi, ko ya zauna a ɗakin gwajin da ya fi nasa kayan aiki. Jami'a ba makarantar sakandare ba ce da za a ce aikin malami ya ƙare a bakin allo. Ana ɗaukarsa ne domin koyarwa da bincike da hidimar al'umma, kuma da binciken ake auna shi wajen ƙarin girma. Idan an hana shi lokacin yin binciken, an hana shi kashi ɗaya cikin ukun aikin da ake biyansa dominsa.

Maman_Ihsan_TudunWada:
Allah ya gafarta Malam, abin da ka faɗa shi ne abin da ke rubuce. Ni kuwa zan faɗi abin da na gani. Lokacin da nake digiri na biyu a wata jami'a da ba zan ambaci sunanta ba, mai duba aikina ya tafi sabatikal ina tsakiyar babi na uku. Ba a ba ni wani a madadinsa ba, shi kuma ba ya ɗaukar waya sai ya ga dama. Na sake biyan kuɗin rajista na zangon da ban yi komai a cikinsa ba, ga yara ga aikin ofis. Da ya dawo ban ji an ce ya wallafa littafi ba, abin da kowa ya gani shi ne sabuwar mota. Ba ina yi masa hassada ba ne, Allah ya ƙara masa. Amma a lissafin da ake yi na wannan hutu ba a taɓa saka asarar ɗalibi ba.

Akanta_Kongo:
Ina so mu raba kuɗin gida biyu, domin Alhaji Dan_Kwangila ya haɗa su wuri ɗaya. Albashin da jami'ar malamin take biyansa yana cikin kasafin ma'aikata tun farko, ko ya tafi ko bai tafi ba za a biya shi. Galibi kuma ba a ɗaukar wani sabo ya maye gurbinsa, abokan aikinsa ne suke raba kwasa-kwasansa a tsakaninsu. Saboda haka idan aka soke hutun gobe, ko kwabo ba za a tsimi ba a wannan ɓangaren. Kuɗin da za a iya kira ƙari shi ne wanda jami'ar da ta karɓe shi take biya. To ita ma sai mu tambaya: da ba ta same shi ba, me za ta yi? Ko dai ta ɗauki farfesa na dindindin, wanda za ta biya har ya kai shekara 70 ya yi ritaya, ko kuma ta rufe kwas ɗin. Ta fuskar lissafi tsagwaronsa, aron farfesa na shekara guda ya fi mata sauƙi. Abin da na yarda da shi a maganar Alhaji shi ne cewa idan jami'o'in biyu duk na tarayya ne, to aljihu ɗaya ne yake biyan mutum ɗaya sau biyu, kuma wannan abin dubawa ne.

Dan_Kwangila:
Na gode, Malam Akanta. To ai ka ga ka zo inda nake. Aljihu ɗaya, mutum ɗaya, albashi biyu.

Manomin_Shika:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma ina zaune kusa da masu bincike, kuma na ci moriyarsu. Irin masarar da muke shukawa mai suna SAMMAZ, da waken SAMPEA, da gyaɗar SAMNUT, duk daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka fito, kazar ShikaBrown kuwa daga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke nan Shika. Waken nan da tsutsa ba ta cinye furensa, SAMPEA 20-T, a 2019 aka fitar da shi bayan shekaru ana gwaji. Irin wannan aiki ba a yin sa da gaggawa. Ko gona idan aka yi ta nomanta ba hutawa, ƙarfinta ƙarewa yake yi, shi ya sa iyayenmu suke barin saura. Ni dai ina ganin a bar malamai su huta su yi tunani.

Injiniya_Gaskiya:
Baba Manomin_Shika, da girmamawa, misalin da ka kawo hujja ce ta a ba bincike kuɗi, wanda babu mai musu a kai. Amma waɗannan iri sun fito ne daga ayyukan cibiya masu tsari, da ma'aikata na dindindin, da filayen gwaji, da haɗin gwiwar ƙungiyoyin waje. Ba daga hutun shekara guda na mutum ɗaya suka fito ba. Kada mu ɗauki ladan wani mu ba wani.

Tsohon_Magatakarda:
Na yi shekaru masu yawa a ofishin rajistara kafin in yi ritaya, kuma takardun wannan hutu sun sha bi ta teburina, don haka bari in faɗi inda na ga ɓarakar take. Ƙa'ida ta ce mai neman hutun ya rubuta abin da zai je ya yi, ya kawo takardar gayyata daga inda zai je, ya ɗauki alkawarin dawowa ya yi wa jami'arsa aiki bayan hutun, sannan idan ya dawo ya miƙa rahoton abin da ya aikata. Duk waɗannan suna nan a rubuce, kuma ba su da aibu. Matsalar ita ce rahoton. Wani zai kawo shafi biyu, wani ba zai kawo ba sam, wanda ya kawo kuwa sai a saka a fayil a rufe. Ban taɓa ganin an kira mutum an ce masa, ka ce za ka rubuta littafi, ina littafin? Dalilin kuwa a fili yake: waɗanda za su yi tambayar su ne abokan aikinsa, kuma kowannensu yana jiran nasa layin. Na ga waɗanda suka dawo da aiki na gaske, har da wanda ya dawo da rubutun da ɗalibai suke karantawa har yau. Na kuma ga wanda ya yi shekararsa yana bin 'yan siyasa. Abin baƙin cikin shi ne tsarin bai bambance tsakanin mutanen nan biyu ba, dukansu albashi ɗaya, girma ɗaya. Saboda haka ni ba na goyon bayan a soke, ba na kuma goyon bayan a bar shi yadda yake.

Malam_Samaru:
Ranka ya daɗe Tsohon_Magatakarda, ba zan yi jayayya da kai a kan rahoto ba. Amma ina so Hajiya Maman_Ihsan ta san cewa abin da ya same ta saɓa ƙa'ida ne, ba ƙa'idar ba ce. Wajibi ne sashe ya sake wa ɗalibi mai duba aiki, ko a tabbatar na biyun ya riƙe shi, kafin a sa hannu a takardar tafiya. Game da mota kuwa, Hajiya, gaskiyar da ba a son faɗa ita ce wannan shekarar ce kaɗai a cikin bakwai da yawancinmu muke iya rufa ɗaki ko sauya tsohuwar mota. Yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin gwamnati da ƙungiyarmu ta malaman jami'a, ASUU, a 2009 ita ce ta tsara albashinmu, aka shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa wajen sabunta ta, alhali darajar naira tana zubewa.

Injiniya_Gaskiya:
To Malam, da bakinka ka faɗa. Ashe hutun ya tashi daga na bincike ya koma hanyar cike giɓin albashi. Idan haka ne, gyaran albashi ya kamata a nema kai tsaye, a daina fakewa da sunan bincike.

Dakta_A_Turai:
Bari in kawo yadda ake yi a wasu wurare, ko zai taimaka. Jami'ar Harvard ta Amurka ce aka fi dangantawa da fara wannan tsari a 1880, kuma tun a lokacin rabin albashi ake ba mai tafiya. Har yau abin da aka fi sabawa da shi a jami'o'in Amurka shi ne malami ya zaɓa: ko zangon karatu ɗaya da cikakken albashi, ko shekara guda da rabin albashi, sauran rabin ya nemo shi daga tallafin bincike. A wurare da yawa ba a yarda ya je ya kama cikakken aikin koyarwa a wata jami'a yana karɓar albashi biyu ba, domin hakan ya rushe dalilin hutun. Kuma ba a ba shi don kawai shekarunsa sun cika; yana rubuta buƙata, kwamiti ya duba, ana iya hana shi. Wannan ne bambancin da nake gani. Mu a gida, wanda ya tafi sabatikal yakan ƙare da ɗaukar kwasa-kwasai a jami'ar da ta karɓe shi kamar yadda yake ɗauka a gida, wani lokaci ma fiye, to yaushe zai yi binciken?

Malama_Hanwa:
Dakta, rabin albashin Amurka yana riƙe gida. Rabin albashin babban lakcara a nan ba zai kai iyali tsakiyar wata ba. Idan aka kawo wannan tsari yau, babu mai tafiya sai mai wata sana'a a gefe. Akwai kuma abin da ba wanda ya taɓo. Mu mata da muke koyarwa, da yawanmu shekarunmu sun cika tuntuni amma ba mu taɓa tafiya ba, domin ba za ki kwashe yara daga makaranta ki koma wani gari na shekara guda ba, kuma ba kowane maigida ne zai amince ba. Wadda ta samu dama takan nemi Kaduna ko Kano, inda za ta iya zuwa ta dawo. Da za a yarda mutum ya yi hutunsa a nan Zariya, a sauke masa koyarwa kawai, ya zauna a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ko ya riƙa zuwa cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa a Kaduna yana aikinsa, da albashi ɗaya ya isa, kuma da an ga rubuce-rubuce sun fi haka yawa.

Ƙaramin_Lakcara:
Ina goyon bayan Malam Akanta cewa ba a ɗaukar kowa a madadin mai tafiya, amma ina ƙin yarda da cewa hakan ba ya cin komai. Yana ci, mu ne muke biya. Duk lokacin da manya biyu suka tafi a sashe ɗaya, kwasa-kwasansu kanmu suke faɗowa, mu da muke fama da namu digirin na uku, kuma ba mu kai matsayin da za mu nemi hutun ba. Ba a ƙara mana ko sisi a lokacin, alawus ɗin ƙarin aiki kuwa sai an yi yajin aiki ake tunawa da shi.

Abu_Sabongari:
Ni duk wannan bayani bai shige ni ba. A 2020 an rufe jami'o'i wata tara saboda yajin aiki. A 2022 an sake rufewa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ƙanena ya shiga jami'a yana saurayi, ya fito abokansa na jami'o'in kuɗi sun gama hidimar ƙasa. Wanda ya yi waɗannan watanni a gida, wane hutu kuma yake nema?

Malam_Samaru:
Ɗan'uwa Abu, yajin aiki ba hutu ba ne. An riƙe mana albashin watannin 2022, daga baya aka saki na wata huɗu, kuma da aka koma mun koyar da duk abin da aka bari, mun yi jarrabawa, mun duba takardu. Amma tunda ka kawo zancen, ka sani cewa wannan hutu da muke magana a kai yana cikin dalilan rikicin. Ɗaya daga cikin ƙorafin ASUU a kan tsarin biyan albashi na IPPIS shi ne bai san da malamin sabatikal ko malamin ziyara ba, na'ura tana ganin suna ɗaya a wuri biyu sai ta ƙi biya. Shi ya sa ƙungiyar ta kawo nata tsarin mai suna UTAS. Sai a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga IPPIS. Akwai waɗanda suka yi shekara suna koyarwa a wata jami'a a wancan lokaci, suka dawo gida suna bin bashin haƙƙinsu.

Akanta_Kongo:
Mu koma kan tambayar Alhaji, domin zancen yajin aiki ba ya ƙarewa. Abin da ya sa albashi biyun ya zama ruwan dare shi ne yawan jami'o'in da aka buɗe ba tare da an tanadi malamansu ba. A 2011 kaɗai gwamnatin tarayya ta kafa guda tara, cikinsu har da Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Wukari da Lafiya, a 2013 ta ƙara Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Ga na jihohi, ga masu zaman kansu. Gini ana iya gama shi cikin shekara biyu, amma farfesa sai ya yi fiye da shekara goma yana hawa mataki-mataki. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, kuwa ba za ta amince da kwas ba sai ta ga manyan malamai a jerin ma'aikatan sashe. Daga ina za a samo su? Daga tsofaffin jami'o'i irin ABU, wadda take nan tun 1962, da Bayero, da Usmanu Ɗanfodiyo, da Maiduguri. Idan aka dakatar da sabatikal yau kamar yadda Alhaji yake so, Zariya ba za ta ji a jikinta sosai ba, malamanta ma za su dawo mata. Waɗanda za su ji su ne ɗaliban waɗancan sababbin makarantu.

Maman_Ihsan_TudunWada:
To ashe ɗalibin tsohuwar jami'a ne ake ɗauke wa malami domin a nuna wa masu tantancewa cewa sabuwa tana da shi.

Tsohon_Magatakarda:
Hajiya, wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma mutum yakan je ya kafa sashe daga tushe, ya horar da ƙananan malamai, ya bar abin da zai daɗe. Dukansu biyun na gani.

Ustaz_Kofar_Doka:
Tafiya neman ilimi ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya tafi Agadas wurin Malam Jibrilu, kuma birnin Zazzau ya daɗe yana karɓar manyan almajirai da suke barin garuruwansu su zo su zauna gaban malamai domin nahawu da lugga. Malamin da ba ya fita ya ji abin da wasu suke karantawa, iliminsa tsayawa yake yi. Sai dai abin da ya shafi dukiyar jama'a amana ce. Wanda ya karɓi albashi bisa sharaɗin zai yi bincike, sannan bai yi ba, sai ya duba halaccin abin da ya ci, ko da babu kwamitin da ya tambaye shi.

Dakta_A_Turai:
Malama_Hanwa, na karɓi gyaranki game da rabin albashi, kuma shawararki ta hutu a gida ta fi dacewa da halin da ake ciki. Zan ƙara abu ɗaya. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993, ba ya biyan albashi, amma yana ba da kuɗin bincike da horar da malamai da halartar taruka. Me zai hana a ware wani kaso a ce duk mai son hutun bincike na gaske ya yi takara a kansa, a biya masa kuɗin tafiya da kayan aiki, shi kuma ya haƙura da albashi na biyu? Wanda yake son ya je ya koyar a sabuwar jami'a kuwa sai a kira abin da sunansa, aron ma'aikaci, jami'ar da ta are shi ta ɗauki nauyinsa.

Malam_Samaru:
Dakta, a takarda shawararka tana da kyau. Tsorona shi ne duk abin da aka mayar takara a Abuja, wanda ya san wani ne yake samu. Kuma gwamnatin da ba ta cika alkawarin 2009 ba, idan muka sakar mata albashi na biyu yau, wa zai tabbatar mana cewa asusun da aka yi alkawari zai zo gobe?

Dan_Kwangila:
Na karanta duka, na kuma gode wa kowa. Na fahimci cewa sokewa ba za ta tsimi kuɗin da nake zato ba, kamar yadda Malam Akanta ya nuna. Amma har yanzu ban ji wanda ya gamsar da ni a kan albashi biyu daga aljihu ɗaya ba. Kuma ina da ƙarin tambaya ga Baba Tsohon_Magatakarda: waɗannan rahotanni da ka ce ana rufewa a fayil, akwai dokar da ta hana a lika su a shafin intanet na jami'a, kowa ya ga wanda ya tafi da abin da ya dawo da shi?

Tsohon_Magatakarda:
Alhaji, majalisar malaman jami'a tana da ikon yanke hakan a zama ɗaya idan ta so. Sai dai ka tuna su waye suke zaune a majalisar: farfesoshi ne da shugabannin sassa, wato masu tafiya hutun.

Ƙaramin_Lakcara:
Idan za a lika rahoton, a lika har da sunayen waɗanda suka ɗauki kwasa-kwasan mai tafiya, da adadin ɗaliban da suka koyar a madadinsa.

Malama_Hanwa:
Da kuma sunan wanda aka miƙa wa ɗaliban digiri na biyu da na uku kafin a sa hannu. Malam_Samaru, kai da kake zama a kwamitin sashe, za ka iya gabatar da wannan a zamanku na gaba?